Akwatin sauti da koyon jin metal: kundin aikina daga unguwar Bukoki, Yamai

2 ga Nuwamba 2024

Abu uku na ɗaura wa kaina kafin sanyin bana ya wuce. In haɗa akwatin sauti mai fitar da ƙasan kiɗa, irin wanda ake ji a ƙirji. In bi rassa uku na metal, kiɗan gitar lantarki mai nauyi, da na daɗe ina leƙawa, dum da det da bilak (doom, death da black a Turance), kowane daga tushensa, faifai ɗaya daga farko har ƙarshe ba tsallake. Sannan in sauke gitata ƙasa in ɗauki kiɗa guda nawa na kaina, ko na minti shida ne.

Akwatin ne farko, domin in babu shi sauran aikin ba zai tafi ba. Gyaran salula nake yi, ina kuma loda wa mutane waƙoƙi a kati, saboda haka na san iyakar lasifikar waya. Tsirkiyar da ta fi kauri a gita, in an ɗaure ta a sautin da ake kira Mi yadda aka saba, tana kaɗawa kusan sau 82 a daƙiƙa. Ƴan dum suna sassauta ta zuwa Do diyez, kusan 69, wasu har Si, kusan 62, bas kuma, gitar ƙasan kiɗa, yana rabin wannan. Lasifikar waya ba ta da faɗin da za ta tura iska a wannan zurfin. Wanda aka kunna wa kiɗan nan a waya ya ce hayaniya ce bai yi ƙarya ba, saman abin kaɗai ya isa kunnensa.

Abin da ke hannu: gitar lantarki ta gwanjo, batirin sola mai bolt 12, da tsohon amfilin mota, na'urar ƙara ƙarfin sauti, da na saya bara hannun wani makaniki. Kasafi jika 60 na sefa.

5 ga Nuwamba

Kasuwar Katako. Na samo lasifika mai inci 12, an ce daga akwatin wani mai kiɗan biki aka ciro ta. Mai ita ya fara da jika 18, muka tsaya a 12. Na danna takardarta da yatsu, ba ta goga ba, mita ta nuna om kusan 4, daidai da amfilin. Falankin filawud jika 9, aikin kafinta 4, gam da ƙusoshi da waya 2 da rabi.

Kafintan ya so ya huda rami a gaba kamar na masu biki, na ce a rufe shi ruf. Akwati mai rami ya fi ƙara, amma yana jan sauti, bugu ya wuce shi yana nan yana gunji. Gangar ƙafa biyu da ƴan det ke bugawa za ta cuɗe a ciki. Ya ce, "To ƙanena, kuɗinka ne." Cikin akwatin zai kai lita 50. Saman sauti kuma ƙananan lasifikoki biyu na tsohuwar rediyon gidanmu za su ɗauka.

9 ga Nuwamba

Akwati ya iso. Na liƙe kusurwoyi da gam, na cusa soson tsohuwar katifa. Gobe dalma.

11 ga Nuwamba

Bayan isha'i na kunna faifan farko na ƙungiyar Black Sabbath, tushen dum, wanda ya fito ranar 13 ga Fabrairu 1970. Waƙar da ta buɗe shi sauti uku ne kacal a gita, ana jan kowane har ya kusa ƙarewa kafin a taɓa na gaba. Na ukun ne ke tayar da tsikar jiki, domin tazararsa da na farko rabin tsanin sautuka ce cif, wato rabin tazarar Do zuwa Do na sama, kunne ba ya samun inda zai sauke ta. Na sha jin waƙar nan a waya. Yau ne na ji bas yana tafiya ƙarƙashin gita, na ji kwanon rufi yana amsawa.

Labarin mai gitar, Tony Iommi, ya sa nake ganin girman wannan reshe. Yana ɗan shekara 17 inji ya datse masa kan yatsu biyu a wata masana'antar ƙarfe ta Birmingham, a hannun da yake danna tsirkiya da shi. Ya narka robar kwalba ya yi wa yatsun hula, ya koma tsirkiya marasa kauri, a faifan Master of Reality na 1971 kuma ya sassauta ɗaurin zuwa Do diyez don yatsun su huta. Nauyin da ƙungiyoyi ke ta nema har yau daga hannun leburan da ya ji rauni ya fito.

Daga nan na wuce Candlemass na Suwidin, faifansu na 1986, Epicus Doomicus Metallicus. Muryar a buɗe take, tana hawa sama, gita na ja ƙasa. Sai Saint Vitus na Los Angeles, waɗanda suka nace wa tafiyar hawainiya a shekarun 1980 lokacin da kowa ke gasar sauri.

Yaya ya leƙo, ya tsaya bakin ƙofa har waƙa ta ƙare. Ya ce, "Wannan ai kiɗan makoki ne." Na ce, "Haka ne, Yaya." Ya ce in riƙa kashewa ƙarfe goma saboda yara da maƙwabta. Mun tsaya a kan haka.

16 ga Nuwamba

Lasifika ta ƙone.

An ɗauke wuta tun la'asar, hazo kuma ya hana sola cika batiri. Ina cikin sauraro sai sautin ya fara ƙarce-ƙarce, wari irin na fenti mai ƙuna ya taso, sai shiru. Da na auna batirin ya sauka kusan bolt 11. In ƙarfi ya ragu haka, amfili ba ya iya fitar da sauti mai santsi, yana yanke kansa, kuma wannan yankakken sauti zafi yake zama a cikin naɗin wayar lasifika. Kiɗan biki yana da numfashi tsakanin bugu da bugu, naɗin na samun sararin hucewa. Dum ba ya ba da wannan sarari, sauti ɗaya sai ya yi daƙiƙa goma yana riƙe.

Da na yanke murfin tsakiya na ga abin da mita ba ta nunawa. An taɓa sake naɗin da hannu, da siririyar waya, a kan takardar kwali, da gam na gama-gari. Ya yi baƙi ƙirin, zare biyu sun saki sun maƙale a ramin maganaɗisu. Na koma wurin mai ita, ya ce shi ma haka ya saye ta, ciniki kuma ya riga ya faɗa. Ban tsaya jayayya ba. A layin masu gyaran rediyo na sami wani dattijo mai naɗi, ya ce zai sa waya mai kauri a kan alminiyam, jika 5. Na ƙara da ƴar mita mai nuna ƙarfin batiri, jika 1 da rabi, zan liƙa ta a jikin akwatin. Da ta nuna 11.8 zan kashe. Farantin sola kuma shara kowace safiya har hazo ya wuce.

19 ga Nuwamba

Tunda babu akwati na koma abin kunne, na shiga ɓangaren dum da ya fi kowane jan ƙafa, wanda ake dangantawa da jana'iza. Ƴan Finlan ne suka kafa shi. Thergothon faifai ɗaya suka bari, Stream from the Heavens, ya fito 1994 bayan ƙungiyar ta riga ta watse. Skepticism kuma sun aza kiɗansu a kan molon coci mai iska. Tsakanin bugun ganga da na gaba mutum na iya shan numfashi cikakke, muryar kuma can ƙasa take, ba a rarrabe kalma.

A nan zan faɗi abin da ya kawo ni ga wannan aiki. Baba ya rasu bara. An yi sadakar uku, an yi ta bakwai, an yi ta arba'in, kowa ya ce a yi haƙuri, na kuma yi. Addu'a ce ke isa gare shi, wannan na sani, ina kuma yi masa. Amma akwai wani nauyi da ya rage a ƙirjina wanda duk waƙoƙin da nake loda wa mutane ba su da wurin ajiye shi, domin dukansu gaggawa suke, ko na rawa ne ko na soyayya ko na yabo. Dum ne kiɗa na farko da na ji ba ya gaggauta ni. Yana tafiya da saurin mai ɗauke da kaya, ya bar ni in zauna da abin har in gaji don kaina.

Daren jiya kuma na ji My Dying Bride na arewacin Ingila, faifan Turn Loose the Swans na 1993. Gogen Turawa ne ke kuka a saman gita mai nauyi. Tun daga lokacin tunani ɗaya ke yawo a kaina: namu gogen fa?

23 ga Nuwamba

Lasifika ta dawo, naɗin ya yi kyau. Sautin ya ɗan fi na da tauri, dattijon ya ce zai saki in ta yi aiki.

29 ga Nuwamba

Det ya ba ni wuya. Da farko komai a dunƙule yake zuwa, gurnani da ganga da gita, ba ƙofa ba taga. Abin da ya buɗe mini shi: na daina bin murya. Mu nan da murya muka saba, ita ce gaba, kiɗa na binta. A det murya wata ganga ce cikin ganguna. Sai na zaɓi abu ɗaya na riƙe, farantin ƙarfen da mai ganga ke bugawa da hannun dama. Shi ke riƙe da awo. In ka kama shi, za ka ji ƙafafu na gudu ninki biyu ko huɗu a ƙarƙashinsa, sannan rif, wato ɗan zubin gitar da ake maimaitawa, ya fito fili da kansa. Za ka ji inda aka juya shi, inda aka yanke rabinsa, inda aka dawo da shi a hankali. Waƙa ɗaya na iya ɗaukar rif takwas ko fiye, kuma babu amshi da zai dawo ya cece ka. Dole ka riƙe hanya da kanka.

Gari biyu ne suka raba salon. A Tampa ta jihar Filorida akwai ɗakin ɗaukar sauti na Morrisound, inda Scott Burns ya ɗauki Death da Obituary. Sautinsu a bushe yake, a tsabtace, kowane bugun ƙafa na fita shi kaɗai. Nan ne rufaffen akwatina ya biya kuɗinsa. A Istokholm ta Suwidin kuma akwai ɗakin Sunlight na Tomas Skogsberg, inda Entombed suka yi Left Hand Path a 1990. Sirrinsu ƴar fedar gita ce, na'urar da ke sauya sautinta, Boss HM-2, da suka murɗe maɓallanta huɗu har ƙarshe. Gitar na fitowa da kaushi da yashi-yashi, ba tsabta ko kaɗan, amma tana cika ɗaki.

Jikina ya fi son na Istokholm. Hankalina kuwa yana wurin Chuck Schuldiner, mai ƙungiyar Death. Ya fara da waƙoƙin jini da gawa a Scream Bloody Gore na 1987, yana saurayi. Zuwa Human na 1991 ya ɗauko makaɗa masu kunnen jaz, ya koma waƙa a kan munafunci da cin amana da abin da mutum ke ɓoyewa a zuci. Mutum ɗaya, shekara huɗu tsakani, kuma kana jin girmansa faifai bayan faifai. Duk wanda ya ce babu tunani a det, Human zan kunna masa.

3 ga Disamba

Gita. Da na sauke ta Do diyez da tsirkiyar da ke kanta, sai suka yi laƙwas, suna dukan ƙarafan wuya, sauti na karkacewa da zarar na danna da ƙarfi. Iommi ya iya da sirara saboda hannunsa mai sauƙi ne, nawa ba haka yake ba. Shagunan da na tambaya a gari sirara masu lamba 9 da 10 kawai ke akwai. Wani ɗan'uwa da ya taso daga Kano ya kawo mini masu lamba 12, jika 6. Sai da na faɗaɗa ramukan ƙashin saman wuya da ƴar zarto kafin masu kaurin su zauna, na kuma ɗan juya ƙarfen cikin wuyan.

Sai gunji. Gidanmu ba wayar ƙasa, da na haɗa amfili da caja sai wani "mmm" na wutar gari mai bugu 50 ya cika lasifika. Na cire caja na bar batiri kaɗai, na shimfiɗa takardar alminiyam a cikin ramin gitar na haɗa ta da jikin waya, na kuma kashe ƙwan ɗaki. Ya ragu sosai.

HM-2 ba ta samuwa nan, kuma ba ita dum ke so ba. Na haɗa tawa fedar da taranzista biyu da na ciro daga matacciyar rediyo, na zaunar da su a gwangwanin sadin, ƙarfensa na tare gunji. Soket biyu, maɓalli, batiri mai bolt 9: jika 3. Sautinta mai kauri ne, yana daɗewa kafin ya mutu. Abin da nake nema ke nan.

8 ga Disamba

Sanyi ya sauka sosai, da asuba sai da bargo. Na shiga bilak.

A kunne kishiyar dum ne. Ƙasan kiɗa kaɗan ne, kusan ƙananan lasifikokin ne ke aikin. Ana kaɗa tsirkiya sama da ƙasa ba tsayawa har sautuka su narke cikin juna, ganga na zuba da gudu, murya kururuwa ce daga nesa. Abin da na gano shi ne saurin na ƙasa ne kawai. A samansa akwai wani zare na waƙa da ke tafiya a hankali ƙwarai, mai baƙin ciki, wani lokaci mai kyau har ya kai ga ƙwalla. Da kunne ya kama wannan zare sai gudun gangar ya koma bango. Ƙarancin ingancin ɗauka ma da gangan ne, suna son a ji sanyi da nisa.

Sunan daga faifan Venom na 1982 ya fito, Bathory na Suwidin suka ba shi kamanni tun 1984, samarin Norwe suka kai shi inda yake a farkon shekarun 1990. Kuma a nan ne dole in tsaya, domin tarihin ba na kiɗa kaɗai ba ne. A Yuni 1992 an ƙone tsohuwar cocin katako ta Fantoft a Bergen, wasu suka biyo baya. A Agusta 1993 Varg Vikernes, ɗaya daga makaɗan bilak ɗin, ya kashe Euronymous, mai gitar ƙungiyar Mayhem, a Oslo. A 1994 aka yanke masa shekara 21 kan kisa da ƙone coci-coci, a 2014 kuma wata kotun Faransa ta same shi da laifin tunzura ƙiyayyar launin fata. Ni baƙar fata ne, Musulmi, ɗan Nijar. Mutumin nan ba ya ƙaunar ganin irina a doron ƙasa, kuma wanda ya ƙone wurin ibadar wani ba zai bar masallaci ba in ya samu dama. Masana na yaba faifansa. Ba zai shiga katina ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Transilvanian Hunger na Darkthrone, 1994. A kan ƴar na'ura mai layi huɗu aka ɗauke shi, kuma duk abin da na faɗa kan zaren waƙa a cikinsa ya fi fitowa. Amma rabin kalmominsa Vikernes ya rubuta, bugun farko kuma ya fito da kalmar wariyar launi a bayan kwali. Ƙungiyar ta nesanta kanta daga wannan daga baya, na kuma yarda mutum na iya tuba daga wautar ƙuruciya. Duk da haka ba zan miƙa wa wani yaro shi da hannuna ba.

Ƙa'idar da na kafa: ba na loda faifai sai na karanta kalmominsa. Shafin intanet na Encyclopaedia Metallum, da ke nan tun 2002, yana nuna jigon kowace ƙungiya da rubutun waƙoƙi. Zagin Allah ko annabawa, fita. Wariyar launi, fita. Da wannan awon wasu na det ma sun fita, har da Altars of Madness na Morbid Angel, duk da gwanintar mai gangarsu. Abin da ya rage ba kaɗan ba ne. Immortal na Bergen hunturu da duwatsu da wata masarautar ƙanƙara ta ƙirƙira suke waƙa. Bergtatt na Ulver, 1995, tatsuniya ce ta yarinyar da aljanun dutse suka ja. Wolves in the Throne Room na Amurka daji ne jigonsu. A ɓangaren dum ma akwai Trouble, da kalmominsu ke cike da tsoron Allah.

Malam, wanda ya karantar da ni allo, ya tare ni bayan asuba. Ya ce, "Ɗana, me ake cewa cikin abin nan da ke fitowa ɗakinka?" Na gaya masa gaskiya: akwai masu faɗar kafirci, na fitar da su, akwai masu maganar mutuwa da sanyi da kaɗaici. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ka san malamai sun yi magana a kan kiɗa, ba sai na maimaita maka ba. Kada ya ci maka salla, kada ya ci haƙƙin maƙwabci." Na ce, "In sha Allahu, Malam."

13 ga Disamba

Yau shekara 23 da rasuwar Schuldiner. Ciwon daji na ƙwaƙwalwa, yana da shekara 34. Na saurari Symbolic na 1995 gaba ɗaya.

15 ga Disamba

Na juya kunne gida Afirka. A Botsuwana akwai Wrust da Overthrust, det tsantsa. Overthrust ƴan Ghanzi ne, gari a cikin Kalahari, kuma duk shekara suna shirya bikin metal da ake tara wa yara marasa galihu taimako. A Lome ta Togo akwai Arka'n Asrafokor, faifansu Zã Keli na 2019, suna waƙa da harshen Ewe suna haɗa gangunan gida da gita. Ba cikin rassana uku suke ba, amma su ne mafi kusa da mu, kuma sun nuna kayan gida na iya ɗaukar wannan nauyi. A Maroko kuwa, a 2003, an gurfanar da samari 14 a Kasablanka saboda kiɗan nan da baƙaƙen rigunansu, aka ɗaure su, sai da jama'a suka yi ca kafin a sallami akasarinsu a ɗaukaka ƙara. Wannan na tuna mini dalilin da ya sa nake bayyana wa Yaya da Malam komai a fili.

Wani abu da ya faranta mini: a shekarun 1980, kafin kamfanoni su kula, det da bilak ta gidan waya suka yaɗu. Yaro a Suwidin ya kwafi kaset ya aika Burazil, a mayar masa da wani. Haka waƙoƙin Mdou Moctar, mai gita ɗan jihar Tawa, suka zaga Sahara daga waya zuwa waya, daga kati zuwa kati, kafin Turai ta san sunansa. Aikin da nake yi a shago kullum shi ne aikin da ya raya wannan kiɗa.

20 ga Disamba

Na sami mai goge. Dattijo ne daga wajen Tawa, yana zaune unguwar Lazare, yana yi wa biki. Na kai masa goro na bayyana abin da nake so, ya yarda ya zo. Jika 5 kowane zama, da kuɗin taksi.

Zaman farko bai yi ba. Na ɗauka zan ba shi Do diyez ya hau, ashe goge ba ya karɓar umarni haka. Izgar doki ce a kan ƙoƙo mai fatar guza, tsayin muryarsa na bin zafin ɗaki da bushewar iska, kuma wasu sautukansa tsakanin ƙarafan gita suke faɗawa. Da na buga cikakken haɗi ta cikin gwangwanin sadin, sai sautukan biyu suka riƙa cizon juna. Tazarar rabin tsanin nan da nake ƙauna ta fi komai ɓata shi, ya ɗaga baka ya ce, "Yaro, wannan ba hanya ba ce." Ga kuma sauri. Hannunsa ya saba da masu rawa, in na ja sauti ɗaya shi ya riga ya zaga sau uku.

Muka sha shayi. Ya goga ƙaro a baka, ya ce in kunna masa abin da nake nufi. Na sa masa My Dying Bride. Ya saurara ido rufe, sannan ya ce, "Goge ba ya tafiya haka sai an yi rashi." Na ce, "An yi, Baba." Bai ƙara tambaya ba. Ya ja wani zubi mai tsawo, a hankali, yana girgiza yatsa a ƙarshen kowane sauti. Na saki gitata na ɗaure ta a kan muryar gogensa, ta faɗa ɗan ƙasa da Do diyez. Na bar haɗi, na riƙe sauti biyu kawai, tushe da na biyar. A nan suka zauna tare.

Tsarin yanzu: shi ne gaba, gita ƙasa ce da yake takawa.

27 ga Disamba

Na so in kira ƴan fadarmu ta shayi sauraro, amma kowa na gaban talabijin, kokowar Takobi ake yi. An ɗage. Ina ta maimaita rif da agogon awo, bugu 48 a minti. Riƙe jinkiri ya fi gudu wuya, hannu kullum so yake ya riga lokaci.

4 ga Janairu 2025

An yi zaman sauraro a tsakar gida, daga bayan isha'i zuwa goma. Na fara da Afrique Victime na Mdou Moctar, tunda kunnuwa sun san wannan gitar, daga nan Black Sabbath, Candlemass, My Dying Bride. Har nan ba wanda ya motsa, mai shayi ma ya bar buta ta tafasa ta zube. Da na sa Death wasu suka miƙe, suka ce sai da safe. Ban ga laifinsu ba, ni ma sai da na sha wuya kafin na sami ƙofar shiga det.

Wanda ya ba ni mamaki abokinmu ne mai kalangu. Ya matso gaban akwatin ya tsuguna, yana buga cinya da yatsu yana neman awon. Can ya ce, "Ƙafa biyu yake yi, kuma hannun dama bai bi su ba. Mayar mini baya." Na mayar. Ya kama abin da ya ɗauke ni makonni cikin waƙa ɗaya. Immortal bai shige shi ba, ya ce gangar ba ta magana. Overthrust kuwa da na ce ƴan Afirka ne sai da na nuna hoto. Mutum biyu sun bar katinsu in loda musu dum.

11 ga Janairu

An ɗauka. Gita ta waya kai tsaye zuwa kwamfuta, saboda babura da ke wucewa a layi. Goge da salula a ɗakin Yaya, an toshe taga da bargo, mai gogen na jin gitar ta abin kunne. Na haɗa su a manhajar Audacity. Minti bakwai da ƴan daƙiƙu. Wajen minti na biyar gogen ya ɗan hau sama da gita saboda ɗakin ya yi ɗumi, na bar shi haka. Abin da bai yi ba shi ne tsakiya: babu ganga, kuma rif na biyu ya yi tsawo ba abin da ke riƙe shi.

Lissafi: akwati da lasifika 27 da rabi, naɗi 5, mita 1 da rabi, tsirkiya 6, feda 3, zaman goge biyu 10, goro da taksi 3, intanet 6, shayi da sukari da gawayi 2. Jimla jika 64, na haura kasafi da 4.

Abin da ke gaba: mai kalangu ya ce zai aro babbar ganga, bugu ɗaya a kowane zagayen rif, za mu gwada Asabar mai zuwa. Na fara rubuta kalmomi da Hausa, baiti huɗu sun samu. Gurnani na ƙona mini maƙogwaro, alamar daga wuya yake fita maimakon ciki, don haka minti biyar kawai a rana da ruwan ɗumi har numfashin ya zauna. In bai zauna ba zan karanta baitocin da muryata ta kullum. Ina son a gama haɗawa kafin ƙarshen Fabrairu, domin da azumi ya kama zan rufe akwatin sai bayan salla. Batiri na biyu, in kasuwa ta yi kyau, jika 25.